Kwamfaresa ta ƙi wuce PSI 70, kuma iska na zurarewa bayan an kashe ta

Mai Faci:
Assalamu alaikum. Tsohuwar kwamfaresa ce, injin matse iska, mai bel, fistin biyu, tanki lita 200. A da takan kai PSI 120, wato awon matsin iska, ta kashe kanta. Yanzu geji na tsayawa a 70, injin na ta juyi, kan kwamfaresar ya yi zafi har ba ya taɓuwa. In an kashe ta kuma, iska ta dinga fita ta ƙarƙashin suwic har tanki ya ƙare. Ringin fistin ne ko bawul?

Makanike:
Wa alaikumus salam, Malam. Ciwo biyu ne, kada ka haɗa su.

Hucin da ke fita ƙarƙashin suwic, in na sakan ɗaya ko biyu ne, lafiya lau: ƙaramin bawul ne ke sauke iskar da ta rage a bututu, don injin ya tashi ba nauyi. In ya ƙi tsayawa, laifin na bawul ɗin bakin tanki ne, wanda ke hana iska komawa baya. Da yawa sukan sayi sabon suwic a banza. Cire wuta, sauke iskar tanki kaf, kwance babban notin bawul ɗin. Za ka tarar da sifirin da 'yar roba. Goge mazauninta; in robar ta yi rami ko ta ƙandare, canza ta.

Batun ƙin cika kuwa, cire matatar iska, tayar da injin, ka kara tafin hannu a bakin, ka yi hattara da bel. Ya kamata ya riƙa zuƙar hannunka. In yana huro maka iska, bawul ɗin shiga ya mutu. Da ringi ne, da ka ga mai cikin iska, kana jin huci ta mashaƙar ɗakin mai.

Baban Gareji:
Zafin kan nan ya fi nuna bawul ɗin fita ko gasket, wato shimfiɗar da ke hana iska zurarewa tsakanin ƙarafa, domin iska mai zafi ce ke komawa ana sake matse ta. Kafin ka ɗaga farantin bawul, yi masa alama, don yana iya zama a juye. Duba siririn gasket ɗin da ya raba ɓangaren shiga da na fita. In ya tsinke, ko bawul sabo ne ba za ta cika ba.

'Yan siraran ƙarafan nan da ke buɗewa da rufewa a jikin farantin, su ne bawul ɗin, ɗaga kowanne ga haske. Mai tsaga, mai lanƙwasa, mai cinyayyen baki, duk a zubar. Kada a miƙe su da guduma, kada a yanko na gwangwani, don in ya karye kan fistin zai faɗa. Jiƙa farantin a kananzir, ban da fetur, ka kankare baƙin daskararren man, ka bari ya bushe sarai. In mazaunin ya yi ƙwarzane, shimfiɗa samfefa mai lamba 400 a kan gilashi ka goga, sannan 600, har fuskar ta yi sumul. Sa sabon gasket ba tare da gam ba. Ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan, ka sake ɗaure su bayan ta yi aikin awa guda ta huce.

Mai Faci:
Na gode, Baba. Me ke kawo wannan baƙin dattin? Baƙin man mota ake zuba mata.

Baban Gareji:
To shi ne. Man mota yana da sinadaran wanki, yana ƙonewa ya daskare a kan bawul. Nemi man kwamfaresa mai lamba ISO 100, ko mai lamba SAE 30 marar sinadarin wanki, kuma kada ya wuce tsakiyar gilashin dubawa. Ƙurar hunturu ma na cin bawul, saboda haka a kakkaɓe matata duk mako. Buɗe famfon ƙasan tanki kullum a tsiyaye ruwa, tsatsa daga ciki take ci. Bawul ɗin tsaro kuma, mai sakin iska in ta yi wa tanki yawa, ja zobensa duk wata tanki na da iska, ya fesa ya rufe da kansa. In yana yoyo a canza shi da mai lamba iri ɗaya, kada a toshe shi ko a ɗaure shi da waya.