Neman shawara: hutun ma'aikata ya taru, kuma kowa Disamba yake so

Rabi'atu: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ɗora mini kula da harkokin ma'aikata a wani kamfani mai mutum 60. Kowa na da hutun kwana 21 a shekara, amma da na buɗe Excel ɗin da na gada sai na tarar wasu na bin kwana 50. Kusan rabin ma'aikatan sun nemi tafiya a Disamba. Wani da ya ajiye aiki ƙarshen Yuni yana neman kuɗin kwana 21 cif. Ga kuma mai hutun haihuwa da shugaban sashenta ya ce a soke mata hutun shekara. Ta ina zan fara?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam Malama. Fara da na Yuni. Idan takardar ɗaukarsa aiki ba ta ce wani abu daban ba, hutu wata-wata yake taruwa: 21 a raba 12, kwana 1.75 ke nan. Wata shida ya ba shi 10.5. Ki ƙara abin da ya biyo shi daga bara, ki cire wanda ya riga ya ci. Kuɗin kwana ɗaya kuwa, ki raba albashin shekara da 260 in kwana biyar kuke aiki a mako. Inda ake tafka kuskure shi ne a ƙirga hutu da ranakun aiki, sannan a raba albashin wata da 30. Hakan na tauye wa ma'aikaci kusan kashi 28 cikin 100.

Hajiya Binta: Ƙanwata, kwanakin nan da suka taru bashi ne a wuyan kamfani, ƙa'idar akanta ta IAS 19 ma cewa ta yi a rubuta su a matsayin bashi. Kuma bashi ne da ke ƙaruwa da kansa, don yawanci da albashin ranar biya ake lissafawa, ba na shekarar da aka tara ba. Ki fitar wa kowa adadin da yake bi ya sa hannu, don kada gobe a yi musu. Sai a rubuta ƙa'ida: misali kwana 5 kawai ke tsallakawa sabuwar shekara, a cinye su kafin ƙarshen Maris. Tsohon tarin kada ki soke shi rana ɗaya, ki raba wa masu shi jadawali na wata 12 zuwa 18. Yarjejeniya ta 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1970, ta ce mafi ƙaranci mako uku, biyu daga ciki a jere, kuma ba a musanya wannan mafi ƙarancin da kuɗi ga wanda yake bakin aiki. Amma ƙasashen da suka amince da ita kawai ta ɗaure, don haka dokar ƙasarku ce madogara.

Malam Nura: Hajiya, a yi mini afuwa, ƙa'idar wa'adi kaɗai ba ta isa ba. Sau da yawa shugabannin sassa ne ke hana mutane tafiya. Wanda aka hana, ta yaya za a ce kwanakinsa sun ƙone? Duk buƙatar da aka ƙi a rubuta dalili da sabuwar rana. Na Disamba kuma, kowa ya cika jadawali tun Janairu, kada fiye da mutum ɗaya cikin biyar ya bar sashe lokaci guda, a riƙa karɓa-karɓa. Tsarin wanda ya riga nema ya samu, mutane ɗaya yake fifitawa kullum.

Malama Zainab: Mai jego kada a taɓa mata hutun shekara, kowanne da gurbinsa. Yarjejeniyar da Hajiya ta ambata ta ce lokacin haihuwa ana ƙirga shi cikin lokacin aiki. Ta 183 kuma, ta 2000, ta tanadi aƙalla mako 14, shida bayan haihuwa dole ne, da biyan da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba. Ki duba inshorar lafiya yau ɗin nan: yawanci akwai wa'adin shigar da sunan jariri cikin inshorar, in ya wuce sai a sha wahala.

Rabi'atu: Allah ya saka da alheri. Wanda ya kwanta rashin lafiya yana tsakiyar hutu fa?

Malam Bashir: In ya kawo takardar likita, kwanakin su koma na rashin lafiya, a mayar masa da nasa. Ki sa wa'adin kawo takardar a cikin ƙa'idar, misali kwana uku bayan dawowarsa.