Bawul ɗin Rage Matsi a Na'urar Musayar Zafi

Injiniyoyin matatar mai da suka tattauna ko na'urar musayar zafi, wadda ruwa mai zafi ke ɗumama mai sanyi a cikinta, tana buƙatar bawul ɗin rage matsi sun haɗu a kan abu guda: haɗarin yana ɓangaren sanyi. Idan aka rufe mashiga da mafitarsa alhali ruwa mai zafi na ci gaba da gudana, ruwan da aka kulle zai kumbura, matsi ya hau cikin mintuna har ya fasa bututu. Ƙa'idar API 521, ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, ta yi bayanin wannan. Ƙaramin bawul mai buɗewa da kansa in matsi ya yi yawa, mashigarsa inci ¾, mafitarsa inci 1, yakan wadatar, a saita shi kada ya wuce matsin da na'urar ke ɗauka. Amma in ruwan zai iya tafasa, sai an sake lissafi. Wasu sun ce sanya wa bawulolin mashiga da mafita kwaɗo a buɗe ya isa. Ni dai ban natsu ba, domin ma'aikaci na mantuwa.