"Mai haƙuri yakan dafa dutse": wane irin haƙuri ke nan?

Ɗan Ƙofar Mata: Assalamu alaikum. Ranar Juma'ar nan limaminmu ya rufe huɗuba da "mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa." Da muka zauna majalisa bayan la'asar sai musu ya kaure tsakanina da ƙanina, har sai da aka shiga tsakani. Shi ya dage wai masu ƙarfi ne suka ƙago maganar don talaka ya kwantar da kai. Ni kuwa na kawo masa Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fatar Amurka. A garin Montgomery na jihar Alabama an kama Rosa Parks ranar 1 ga Disamba 1955 don ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas. Baƙaƙen garin, King na jagorantarsu, suka ƙaurace wa motocin kwana 381, suna zuwa aiki a ƙafa, ba su ɗaga wa kowa hannu ba, har kotun ƙolin Amurka ta haramta wariyar. In ba dafa dutse ba, mene ne wannan? Ya ce sunansa bore. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu, abin yana damuna. Ku raba mana gardama.

Malam Na-Zaure: Wa alaikumus salam. Ƙaninka yana da tasa gaskiyar. A watan Afrilun 1963 King yana tsare a Birmingham, malaman addini farare su 8 suka fitar da sanarwa cewa zanga-zangar ba ta zo a lokacinta ba. Daga cikin kurkukun ya ba su amsa, a gefen jarida ma ya fara rubutawa, ya ce "ku jira" ɗin da ake ta faɗa wa baƙar fata kusan kullum ma'anarta har abada. Wanda ya rubuta haka da wuya ya yarda a ce masa ya yi haƙuri.

Maman Khairat: Ku maza ba ku shiga madafi shi ya sa kuka tsallake kalmar dafa. Tukunya ba ta tafasa sai da mai iza wuta. Akwai wata mai girki a Montgomery, Georgia Gilmore, ta tara mata suna soya kaji suna sayarwa, kuɗin suna zubawa a asusun motocin da ke ɗaukar masu ƙauracewar. Ni wannan ce mai dafa dutsen. Wanda ya naɗe hannu yana kallon murhu babu wuta zaman banza yake yi.

Sarkin Zolaya: To mu namu dutsen tun yaushe yake kan wuta? Duk wanda ya hau sai ya ce mu ƙara haƙuri. Mu ke hura wuta, hayaƙi a idonmu, romo kuwa a gidansu ake sha da cokalin azurfa.

Jikar Inna: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah Ya jiƙanta, don duk sanda aka faɗi karin maganar nan ita nake tunawa. Daddawa take sayarwa a zamanin En'e. A kasuwar ƙauyensu akwai wani da aka ɗora kan karɓar kuɗin rumfa, bayan kuɗin sai ya sa hannu a faifan kowace mace ya ɗebi abin da ya ga dama. Rannan ya ɗebi na wata tsohuwa, ta yi magana, ya shure mata ƙwarya, daddawar ta watse cikin taɓo. Inna ta ce tana kallon tsohuwar nan durƙushe tana tsince ɗaya-ɗaya, tana gogewa da bakin zani tana mayarwa. Samarin gidan su Inna suka ɗauko sanduna. Inna ta tsaya a bakin zaure ta ce duk wanda ya fita da sanda ba ta yafe masa nononta ba, don ta san kafin magariba 'yan doka za su kwashe su. Da dare ta bi gida-gida. Ranar kasuwa ta zagayo, babu mai daddawa, babu mai kuka, babu mai nono ko ɗaya. Sai su tashi da asuba su nufi kasuwar wani gari, kaya a ka, goyo a baya, ga rafi a hanya, damina guda cur. Ta nuna mini tabon kaushin da ya tsage mata a dunduniya tun wancan lokacin. Da fatake suka daina zuwa, kuɗin kasuwa ya ja baya, dagaci da kansa ya aiko a ba su haƙuri, aka cire mutumin. Abin da ya sa na kawo labarin, Inna ba ta taɓa cewa sun yi bore ba. Cewa take yi, "Haƙuri muka yi, 'yar nan."

Maman Khairat: Allahu Akbar. Allah Ya kai haske kabarinta. Wallahi na ji ƙwalla a wurin tsintar daddawar nan.

Malam Na-Zaure: Amin. Tsayuwarta a bakin zaure ta tuna mini daren 30 ga Janairu 1956, da aka jefa bam gidan King, matarsa Coretta da jaririyarsu suna ciki. Jama'a suka taru, wasu da makamai. Ya fito ƙofar gida ya ce kowa ya mayar da makaminsa, kada a rama. Yana da shekara 27 a lokacin. Haɗiye irin wannan fushin ba aikin rago ba ne.

Ba'are: Malam, ina ganin girmanka, amma ban gamsu ba. Wa ya sha romon? A Satumbar 1963 an tashi bam a wata coci a Birmingham, yara mata 4 suka mutu. A Selma, ranar 7 ga Maris 1965, 'yan sanda suka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin masu zanga-zangar lumana, kai a kan gada. An samu dokar 'yanci ta 1964 da ta zaɓe ta 1965, na yarda. Shi kuma King an harbe shi a Memphis ranar 4 ga Afrilu 1968 yana da shekara 39. Karin maganar cewa ta yi mai dafawa shi zai sha. Kuma shi Bahaushen da ya faɗi wannan ai shi ya ce rama cuta ga macuci ibada.

Ɗan Zangon Kumasi: Ba'are, wanda ya dasa dabino ba lallai ya ci 'ya'yansa ba. Kuma mutumin nan ba baƙonmu ba ne, ya zo Accra bikin 'yancin Ghana a Maris 1957.

Ba'are: Ka ga ka sauya karin magana ke nan. Tamu ba ta ce jikoki za su sha ba.

Sarkin Zolaya: Jikar Inna, don Allah ki ara mana Inna ta bi gida-gida kafin zaɓe. Matsalar, namu masu karɓar kuɗin rumfar da atamfa da taliya suke zuwa, kafin asuba rabin 'yan daddawa sun koma kasuwa.

Jikar Inna: Ai ko a lokacin an samu mata biyu da suka saɓa alkawari a mako na uku. Inna ba ta zage su ba, amma har ta rasu ba ta ƙara shiga adashi da su ba.

Malam Na-Zaure: A nan gida ma an yi. Malam Aminu Kano ya ɗauki darasi daga Gandhi kamar yadda King ya ɗauka, Hajiya Gambo Sawaba kuma ta sha ɗauri ba ta fasa ba. Sai dai ban taɓa jin wani ya kira ta mai haƙuri ba, jaruma ake cewa.

Ɗan Ƙofar Mata: Na karanta wa ƙanina duka a waya. Ya yi shiru a wurin labarin Inna, sannan ya ce shi yana bayan Ba'are. Amma dai yau tare muka ci tuwo. Jikar Inna, yana tambaya: ita tsohuwar da aka shure wa ƙwarya, an biya ta daddawarta?

Jikar Inna: Ba a biya ta ba. Matan ne suka haɗa mata kalwa, kowa kwano ɗaya, ta sake dafawa.