Neman shawara: rak ɗin sitiyarin Peugeot 504 ta mahaifina, in gyara ko in sauya?

Assalamu alaikum jama'a. Ina da Peugeot 504 ƙirar 1982, haɗin Kaduna, wadda mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bari. Shekara shida tana fake a ƙarƙashin darbejiya a gidanmu na Tudun Wada, sai bana na tashe ta. Inji lafiya lau, amma sitiyari na wasa: sai in murza shi kusan faɗin yatsu uku kafin taya ta motsa, kuma da na faɗa rami a hanyar Samaru sai in ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa. Na leƙa, robar da ke rufe rak ɗin, wato sandar nan mai haƙora da ke juya tayoyin gaba, ta ɓangaren dama ta yage, giris ɗin ciki ya haɗe da ƙura ya zama kamar taɓo.

Makanike ɗaya ya ce in jefar in sayi na Beljiyam, wani ya ce ɗaurewa kawai za a yi. Ni kuwa raina bai so in raba motar da kayanta na asali. So nake a kwance shi, a gyara, a yi masa fenti. Me kuka gani?

Makanike, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Malam, kada ka kwance komai tukuna. Ka sa yaro ya riƙa girgiza sitiyari hagu da dama, mota tana ƙasa, kai kuma ka kwanta ka ɗora hannu a kan kowace gaɓa. Sau da yawa wasan ba a cikin rak yake ba. Ko kan tayarod, ƙarfen da ke haɗa rak da taya, shi ne ya ci, ko robar nan mai faɗi da ke haɗa sandar sitiyari da finiyon, ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke tura rak, ta tsage. Roba ba ta son zama, shekara shida a waje ta isa ta busar da ita.

Tsohon direba, Ƙofar Doka: Ɗana, wanda ya ce maka a ɗaure kawai, ka yi hattara da shi. Na tuƙa 504 tsakanin Zariya da Kano shekara da shekaru, na san wannan ciwon. Akwai wani maɗauri mai sifirin da ke danne sandar rak a kan finiyon. Haƙoran tsakiya su ne suke cinyewa, don yawancin tuƙi a miƙe ake yinsa, na gefe kuwa suna nan kamar sababbi. In aka matse har wasan tsakiya ya ɓace, to da ka karya kwana sai sitiyari ya cije, ya ƙi dawowa da kansa. Ya taɓa faruwa da ni a shataletale, da fasinja cike da mota, Allah ne Ya kiyaye. Tun ranar ban yarda a matse mini rak yana jikin mota ba.

Mai sayar da kayan gyara: Ni dai shawarata Alhaji ka huta, ka nemi wani a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. An yi shekara kusan 30 ana haɗa 504 a Kakuri ta Kaduna tun 1975, kayanta ba su ƙare a ƙasar nan ba.

Makanike, Sabon Gari: Oga, wanda zai saya ɗin ma tsoho ne, kuma ba a ga cikinsa ba. Malam, in ka tabbatar rak ne, ga yadda nake yi. Kafin a cire, a miƙe tayoyi, a yi alama inda finiyon ya haɗu da sandar sitiyari, a ƙirga zaren tayarod na kowane gefe a rubuta. A wanke komai da kananzir har ƙarfe ya fito fes. Sai a mirgina sandar rak a kan gilashi ko tebur mai santsi, in ta lanƙwashe za ka ga tana tsalle. Ka bi haƙoran da farce: in akwai wanda ya ɓare ko tsatsa ta rarake shi, nan kam maganar mai kayan gyara ta tabbata. Kada ka bari a yi masa walda, rai ne a kai. In haƙora lafiya, a sauya bush, zoben da ke riƙe sandar a ƙarshen bututun da take ciki, wanda galibi shi ke yin ƙwas-ƙwas ɗin, da boris na finiyon, da robobin duka biyu ko da ɗaya ce ta yage. A sa sabon giris, a daidaita maɗaurin nan a kan benci kaɗan-kaɗan, ana zagaya finiyon daga ƙarshe zuwa ƙarshe, har ya tafi sumul babu inda ya cije.

Mai fentin mota, Kwangila: Fenti a waje kaɗai, Malam. A kankare tsatsa da burushin waya, a goge maiƙo tas, a toshe bakin bututu da tsumma, a naɗe zare da salatif. Jan fenti mai hana tsatsa a fara, baƙi a bisa, shafi biyu marasa kauri. Sandar ciki mai sheƙi kada fenti ya taɓa ta, kuma kada a goge ta da takardar yashi mai kaushi. Ka yi shi a ɗaki, ƙurar hunturu tana mannewa a ɗanyen fenti.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yau da safe na kwanta ƙarƙashinta, ƙanena yana girgiza sitiyari. Robar haɗin ta tsage har gida biyu, kan tayarod na dama ma yana rawa, amma ƙwas-ƙwas ɗin daga bakin bututu yake fitowa. Asabar za mu sauke shi mu ga haƙoran. Baba direba, bayan an mayar, ko na ƙirga zare dole ne sai an kai ta alayimen, wato a daidaita saitin tayoyi?

Tsohon direba, Ƙofar Doka: Dole ne, ɗana. Ƙirgar zaren nan ta kai ka wajen masu alayimen ce kawai, a hankali, kada ka hau babban titi.