Foundation na Asimov: da wanne ake farawa?

Sadiya Nasarawa Gwom: Assalamu alaikum. Littattafan Foundation na Isaac Asimov, ƙagaggun labaran kimiyya, guda bakwai ne, kuma a wajen masu tsofaffin littattafai na Jos a warwatse ake samunsu. Wasu sun ce a bi shekarun bugu, wasu sun ce a bi tafiyar labarin, a fara da Prelude to Foundation. Wanne ya fi ga sabon shiga?

Malam Ɗanlami: Wa alaikumus salam, Malama. Ki bi shekarun bugu: Foundation na 1951, Foundation and Empire na 1952, sai Second Foundation na 1953. Asalinsu gajerun labarai ne da suka fito a mujallar Astounding Science Fiction daga 1942 zuwa 1950, lokacin John W. Campbell ne edita, daga baya kamfanin Gnome Press ya haɗa su. Shi ya sa na farkon ya rabu kashi biyar, ana tsallake shekaru masu yawa ana sauya mutane. Mai neman jarumi ɗaya daga farko har ƙarshe a nan yake sarewa. Abin da ake bi shi ne shirin Hari Seldon, masanin lissafin da ya hango daular taurari za ta rushe, a yi shekara 30,000 cikin duhu, ya tsara yadda za a rage su zuwa 1,000 ta hanyar kafa cibiyoyin masana biyu, Foundation ta farko da ta biyu. Daga tarihin faɗuwar daular Rum na Edward Gibbon Asimov ya samo tunanin.

Prelude ya fito a 1988, Forward the Foundation a 1993, shekara guda bayan rasuwarsa. Don waɗanda suka riga suka karanta na farko aka yi su. Forward yana fayyace inda Foundation ta biyu take, alhali wannan sirrin ne ke riƙe da littafi na uku. Idan kika riga kika sani, an gama da armashin.

Bello Injiniya: Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai tarko gun saye. Kamfanin Ace ya taɓa buga na farko a taƙaice da sunan The 1,000 Year Plan, na biyu kuma da sunan The Man Who Upset the Universe. Ba sababbin labarai ba ne. Ki buɗe ki ƙirga kashi biyar, ki ga ya fara da The Psychohistorians. Tsohon bugu mai laushin bango kuma gam ɗinsa ya bushe, ki duba ƙarshe, shafukan can ne ke fara zubewa.

Kafin Foundation and Earth na 1986, ɗaya daga cikin bakwan, ki karanta The Caves of Steel na 1954 da The Naked Sun na 1957. Akwai mutum-mutumi (robot) na cikinsu mai suna Daneel da zai bayyana, in ba ki san shi ba zuwansa ba zai taɓa ki ba.

Hajiya Rabi: Ni dai, ƙanwata, da I, Robot na 1950 zan ce ki ɗana tukuna. Labari tara ne gajeru, kusan kowanne yana gwada inda dokoki uku da Asimov ya tsara wa mutum-mutumi ke cin karo da juna, kamar a Runaround na 1942. Ko kin ga Will Smith a bango, kada ki zaci fim ɗin 2004 ne a ciki.

Ki kuma shirya wa salonsa. Maza ne zaune a ofis suna hayaƙin taba suna musu, yaƙin ma yawanci labarinsa ake ji. Mata kusan babu a Foundation na farko, sai a na biyu Bayta Darell ta shigo, ita ce kuma ta gane ko wane ne Mule, abokin gaban Foundation mai ɓoye kansa.

Malam Ɗanlami: Haba Hajiya, ai kin fara tona mata asirin da kanki. Malama, kada ki nemi sunan nan a intanet sai kin gama na biyu.