Me za mu kira "variable" da Hausa kafin ranar Asabar?

Ɗalibar Agege:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina SS3, ina shirin WAEC. Shugaban Islamiyyarmu ya ce in riƙa yi wa ƙannenmu 'yan JSS bitar lissafi duk Asabar bayan La'asar, saboda da yawansu ba su daɗe da zuwa daga Arewa ba, Turancin aji yana wuce su. Tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa duk mun yi su da Hausa lafiya lau. Wannan Asabar ɗin aljabara za mu shiga, nan kuwa na tsaya cak. Me zan kira variable?

Abin ya dame ni ne domin a daidai nan lissafi ya kuɓuce mini. A firamare ina son sa ƙwarai. Da haruffa suka hau allo a JSS, aka ce a nemo x, babu wanda ya tsaya ya gaya mana mene ne x ɗin, ko me ya kawo harafi cikin lambobi. An dai ce mu tsallakar da lamba ɗaya ɓangaren mu juya alamarta. Na haddace, ina cin jarrabawa daidai gwargwado, amma da an ɗan murɗa tambaya sai kaina ya ɗaure. Sai a SS1 wata malama ta rubuta 2x + 3 = 11, ta ce alamar nan ta tsakiya sikeli ce, abin da ka cire a dama dole ka cire shi a hagu. Na cire 3 nan da can, saura 8, na raba biyu, 4 ta fito, kuma na san dalilin fitowarta. Ba na so yaran nan su haddace abin da ba su gane ba.

Uwar Biyu, Obalende:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Ki ce ɓoyayyen adadi mana. Kowane yaro zai gane.

Malamin Lissafi, Idi-Araba:
Hajiya, ɓoyayyen adadi ya yi daidai da misalin da ta kawo, amma ba zai kai ta ko'ina da ko'ina ba. Aiki biyu harafin nan yake yi. A 2x + 3 = 11, x adadi ɗaya ne tak, ya ɓuya, muna neman sa. Amma a ce ɗan dako yana karɓar naira 200 kan kowane buhu, da naira 500 na lodi, sai mu rubuta y = 200x + 500, x yawan buhu ne, y kuwa jimlar kuɗi. Nan babu abin da ya ɓuya. Buhu 3 ne, kuɗi 1,100. Buhu 10 ne, 2,500. Gurbi ne da kowane adadi zai iya shiga. In yara suka saba da ɓoyayye kaɗai, ranar da aka zo zanen giraf za su yi ta neman amsa ɗaya inda babu ita. Ni adadi mai canzawa nake cewa a aji.

Baba Mai Ƙamus:
Malam, canzawa ai daga canji take, canji kuwa Turanci ne. Mun gudu daga Turanci mun faɗa Turanci ke nan. Muna da sauya. Ni tuni na ƙera kalmar: sauyau. Ginin Hausa ne tsantsa, kamar mantau, makarau, jimrau. Gajeriya ce, tana zama a allo, kuma ga abokiyar zamanta a shirye: adadin da ba ya motsi, irin 500 ɗin nan taka, tsayau. Sauyau da tsayau. 'Yata, rubuta su ki wuce wurin.

Mai Albasa, Mile 12:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma kullum lissafin nan nake yi a bakin mota. In ina koya wa yarona yadda ake fitar da riba, cewa nake: a ce ka sayo buhu kaza, kowanne naira kaza, ka biya dako kaza. Ba ita ce kuke nema ba? Kaza.

Malamin Lissafi, Idi-Araba:
Alhaji, wallahi ka taɓo wurin. Naira kaza ba ɓoyayya ba ce kuma ba tsayayya ba ce, gurbi ce da mai magana ya bari a cike. Aikin x ke nan.

Uwar Biyu, Obalende:
To amma a rubuce fa? Ta rubuta "nemo kaza" a allo, ajin nan ba zai sake natsuwa ba har Magariba. A baki an san bambanci, ta akurki jan wasalin farko ake yi, ta ƙidaya gajere ne. Rubutun boko kuwa ba ya nuna wannan.

Baba Mai Ƙamus:
Kuma ita ma kazar Larabci ce. Sauyau ba ta da wannan matsala ko ɗaya.

Ɗan Jami'a, Akoka:
Baba, Allah ya ƙara girma, in za mu kori duk baƙuwa, lissafi kanta Larabci ce, sifiri Larabci ce, lamba Turanci ce. Sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni da malamanmu ke rabon gado da su fa? Aljabara ma daga sunan littafin Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Shi bai ma yi amfani da harafi ba. Abin da ake nema shai'u suke kiran sa, wato abu. In an ninka shi da kansa su ce mal, wato dukiya. Akwai misalinsa da ya shahara: dukiya ɗaya da saiwa goma (saiwa ma abin da ake nema ne) daidai suke da dirhami 39, amsa 3, domin 3 sau 3 da 3 sau 10, wato 9 da 30, sun ba da 39. Kalmomin kasuwa ne zalla, irin na Alhaji. Ita x ɗin sai a 1637 René Descartes na Faransa ya yaɗa amfani da ita tare da y da z.

Sannan sauyau tana mini kama da laƙabin mutum. Mantau mutum ne mai mantuwa. Sauyau sai in ji kamar wanda ba ya tsayawa kan magana ɗaya.

Baba Mai Ƙamus:
Yaro, kunnenka ne bai saba ba. Ba laifinku ba ne, ku da aka haifa a Ikko kuna cewa "zan je in yi baying". Hausar da ta sha ruwan Yarbanci da Burokin ba ita za ta yanke wa kalma hukunci ba. A kai sauyau Kano ko Sakkwato a ji in za a ƙi ta.

Mai Albasa, Mile 12:
Haba Baba. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege, tun zamanin fataucin goro. Muna da sarakunanmu, da masallatanmu, da makarantun allo. Yaran da ake magana a kansu a nan suke zaune, ba a Kano ba. In kalma ba ta shiga kunnensu ba, me amfaninta?

Uwar Biyu, Obalende:
Ni abin da ke mini ciwo, maƙwabtanmu sun riga mu. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da 'yan firamare da Yarbanci shekara shida a Ile-Ife, har da lissafi. Zama suka yi suka fitar da kalmomi. Mu kuwa kullum gardamar wa ya fi wa iya Hausa.

Baba Mai Ƙamus:
Ba mu da abin jin kunya, Hajiya. Muhammadu Alkatsinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alkahira a 1741. Jikokinsa ne za su rasa kalma ɗaya? Shi ya sa na ce mu ƙera tamu, kada mu yi ta ara.

Ɗan Jami'a, Akoka:
Da Larabci ya rubuta shi, Baba.

Ɗalibar Agege:
Iyayena, don Allah ku yi haƙuri, jibi ne Asabar. Kuma akwai abin da ban faɗa ba: jarrabawar yaran nan da Turanci za su rubuta ta, kuma ba a shiga yawancin kwasa-kwasan jami'a sai da kiredit a lissafi. Ba so nake in ɓoye musu kalmar Turancin ba. So nake in sun gan ta a takarda su san me take nufi, kada gabansu ya faɗi kamar yadda nawa yake faɗuwa a da.

Malamin Lissafi, Idi-Araba:
To ga shawarata, ƙanwata. Ki fara da baki, da misalin Alhaji: buhu kaza, naira kaza. Ki bar su su cike da kansu, wannan ta ce 3, waccan ta ce 10, su ga kuɗin yana hawa. Sai ki ce masu lissafi sun gaji da rubuta kaza, suka sa harafi ɗaya a madadinta, ki rubuta x. In kin zo inda amsa ɗaya ce, ki ce ɓoyayyen adadi, kamar yadda Hajiya ta ce. A allo ki rubuta variable, a gefenta adadi mai sauyawa. Na bar canzawa saboda Baba.

Uwar Biyu, Obalende:
Na yarda.

Baba Mai Ƙamus:
Kalma uku inda ɗaya ta isa. Ba suna ba ne wannan, bayani ne. Amma tunda sauya ta shiga, ba zan hana ba. Kaza kuwa a baki kaɗai, kada in ji an rubuta ta. 'Yata, ki ambaci sauyau ko sau ɗaya ne a ajin, ki ga wadda yaran za su riƙe.

Ɗalibar Agege:
To Baba, zan faɗa musu duka biyun, in sha Allahu. Na gode ƙwarai. Ita 500 ɗin fa, tsayau zan ce ko tsayayyen adadi?

Malamin Lissafi, Idi-Araba:
Tsayayyen adadi.

Baba Mai Ƙamus:
Tsayau.