Tura hoton majinyaci ta WhatsApp zuwa ga likita, akwai matsala ne?

Maman_Ilham:
Salam 'yan uwa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye, ba mu da likita, sai dai in abu ya fi ƙarfina in ɗau hoton ciwon ko katin majinyaci in tura wa wani likita a birni ta WhatsApp ya gaya min abin yi. To jiya na kai wayata caji shago saboda solarmu ta mutu, da na je karɓa na tarar yaron shagon yana ta duba hotunana, kuma akwai hoton wata mai jego a ciki, wallahi har yanzu jikina a sanyaye yake. An ce akwai inda ake ajiye irin wannan a intanet ba a cikin waya ba, wai kilawud. Shi ya fi tsaro ne?

Abu_Sadiq:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, wani ba zai karanta a hanya ba, amma da ya sauka shikenan yana nan a wayarki da wayar likitan, kuma in wayar tana kwafe saƙonni zuwa Google Drive wannan kwafin ba shi da irin kullen sai kin shiga saitin kin kunna da kanki. Kilawud ɗin kwamfutar wani kamfani ce kawai a wani wuri. Amfaninsa kowa da sunansa da lambar sirrinsa, ana ganin wa ya buɗe fayil ɗin wa da ƙarfe nawa, in an sace waya a rufe akawun ɗin.

Dan_Birni:
Kuna ta maganar kilawud, da wane netiwok? Mu a Zamfara a 2021 makonni aka yi an katse layukan waya gaba ɗaya. Ko yanzu sai ka hau tudu kake samun sanda biyu.

Abu_Sadiq:
Gaskiyarka malam, shi ya sa ake neman manhaja irin CommCare ko ODK, ka cike bayanai ba netiwok, in ya dawo ta tura.

Anti_Nas:
Ƙanwata kafin a kai ga manhaja, tun yau ki sa wa wayar makulli, ki daina ɗaukar fuska, ki rufe sunan da ke kan kati da yatsa ko takarda, lamba da shekaru sun ishi likita. Ki nemi izinin majinyaciyar, in likita ya amsa ki goge, shi ma ki ce ya goge. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, hukumar kare bayanai ta Najeriya, wato NDPC, ke kula da ita, ba wasa ba ne. A ƙauye kuwa ki ƙyale hukuma ma, hoto ɗaya ya fita aure na iya mutuwa.

Maman_Ilham:
Na gode Anti, na sa makullin yanzu. Matar ce ban san ko in je in gaya mata ba, mijinta kawun yaron shagon ne.